Ido Ba Mudu Ba: Lissafin Gugguru Daga Sikeli Zuwa Gwangwani

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa)

   

Yau hirarmu a kan gugguru ce. Na san wani zai yi murmushi ya ce, gugguru kuma? Abin da yara ke watsawa a baki har ya isa a ba shi fili a rediyo? To Malam, a yi haƙuri a saurara. Gidaje da yawa da wannan 'yar sana'a ake yin cefane a cikinsu, da ita ake biyan kuɗin makaranta. A cikinta kuma akwai wani lissafi da ke cinye ribar mutane ba tare da sun ankara ba.

Mu ɗauki misalin wata baiwar Allah. Ta kwashi adashinta ta sayi injin gugguru, irin mai gilashin nan da 'yar tukunya a rataye a ciki. A jikin injin an rubuta lamba 8 da harufan boko biyu, O da Z. Ta shiga kasuwa aka auna mata masarar gugguru a sikeli, kilo 5. Ta dawo gida, ita ba sikeli gare ta ba, abin da ke hannunta gwangwanin madara ne da kofi da cokali. In ta gama suya kuma, a leda za ta ƙulla ta bai wa masu saye. Kun ga ta saya da nauyi, ta zuba da gwangwani, ta sayar da cikar leda. Awo uku ke nan a sana'a ɗaya, kuma kowanne da yarensa.

Tambayoyinta uku ne. Gwangwani nawa zan zuba a tashi ɗaya? Kilo ɗaya leda nawa zai ba ni? Me ya sa masarar wancan makon ta fi ta wannan makon auki? Su za mu bi ɗaya bayan ɗaya. Don Allah wanda ke kusa da biro da takarda ya jawo su, domin akwai 'yan lambobi da za mu faɗa, kuma zan maimaita su kafin mu rabu.

Mu fara daga tushe. Awo iri biyu ne. Akwai awon sikeli, wanda ke faɗa maka nauyin abu, da giram da kilo. Akwai awon kwano, wanda ke faɗa maka yawan wurin da abu ya cika, da lita da mililita, ko kuma da mudu da tiya da gwangwani. Kilo ɗaya na auduga da kilo ɗaya na ƙusoshi nauyinsu ɗaya, amma audugar sai ta cika buhu, ƙusoshin kuwa a ƙaramin kwano za su zauna. Don haka in wani ya tambaye ka kilo ɗaya kofi nawa ne, sai ka fara tambayarsa: kilo ɗaya na mene ne?

Mu Hausawa mutanen awon kwano ne tun kaka da kakanni. Matsalar ita ce kwanon ba ɗaya ba ne. Tiyar da ake awon gero da ita a Maraɗi da Damagaram takan ɗauki kusan kilo 2 da rabi. Ka zo wata kasuwar ka tarar mudunsu bai kai haka ba. Ko a kasuwa ɗaya ma, awon wannan da tozo, awon wancan a shafe, wani kuma sai ya tare hatsin da hannu ya ƙara maka gyara. Wannan ba laifi ba ne in ana cinikin tuwon gida. Amma mai injin da ke son sanin ribarta, tilas ta san ainihin abin da gwangwaninta ke ɗauka.

Abin da zai taimake mu a nan shi ne ruwa. Allah ya sauƙaƙa mana lissafinsa: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, mililita ɗaya giram ɗaya. Ruwan ledar nan da muke sha kullum kuwa rabin lita ne, wato mililita 500. To Hajiya, ɗauko gwangwaninki, ki huda ledar ruwa ɗaya, ki riƙa cika shi kina juyewa. In ledar ta cika shi sau uku daidai, gwangwaninki na ɗaukar mililita 165 ko sama da haka kaɗan. In ta cika shi sau biyu da ɗan ragowa, to kofi ne na awo, mai mililita 240. Ba ki sayi komai ba, kin san girman ma'auninki.

A nan zan ja kunne. Lambar da aka buga a jikin gwangwanin madara, a ce giram 170, nauyin madarar da ta zo a ciki ne. Ba ya nufin duk abin da kika zuba a ciki zai yi giram 170. Gwangwanayen ma ba girmansu ɗaya ba, akwai wanda bai kai haka ba. Shi ya sa na ce a gwada da ruwa.

Yanzu ga masarar. Ƙwayar masarar gugguru tana da nauyi, amma in an zuba ta a kwano akwai 'yan ramuka tsakanin ƙwaya da ƙwaya, iska ce a ciki. Saboda haka lita ɗaya ta ɗanyar masara ba ta kai kilo ba, takan tsaya tsakanin giram 800 da 850. Ga ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: duk mililita 6 na masara, giram 5 ne. Shida a kwano, biyar a sikeli. In daga sikeli za ka koma kwano, ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Kilo ɗaya, wato giram 1,000, ka ƙara 200, ya zama mililita 1,200. In daga kwano za ka koma sikeli, cire kashi ɗaya cikin shida.

Da wannan ƙa'ida, kofin awo mai mililita 240 zai ɗauki giram 200, ke nan kofi 5 ne a kilo. Gwangwanin madara da ledar ruwa ta cika sau uku zai ɗauki kusan giram 140, ke nan gwangwani 7 ne da 'yar ɗoriya a kilo. Babban cokalin awo mai mililita 15 zai ɗauki giram 12 zuwa 13. Duk wannan a shafe nake magana, a bi bakin gwangwanin da bayan wuƙa. In kika yi tozo, lissafi ya tashi.

Sai mu koma kan waɗannan harufa biyu, O da Z. Oza ke nan. Dattawanmu da suka yi zamani da kantunan Turawa sun san oza da laba. Oza ɗaya giram 28 ce da ɗan ɗigo, oza 16 kuma ita ce laba ɗaya, giram 454. Me ya kawo oza jikin injin da aka saya a Kano ko Zariya? Asalin abin ne ya biyo shi. Ita kanta masara daga ƙasar Meziko ta fito, inda aka fara noma ta kusan shekara 9,000 da suka wuce, kuma masu tonon tarihi sun samo ragowar masarar gugguru a gaɓar tekun Peru da ta haura shekara 6,000. Injin suyarta kuwa a Amurka aka ƙera shi. Wani mutum mai suna Charles Cretors ne ya fito da shi a birnin Chicago a shekarar 1885, ya kuma kai shi babban baje kolin duniya da aka yi a birnin a 1893. Amurkawa har gobe da oza da laba suke awo, sai masu ƙera injin a wasu ƙasashe suka ci gaba da rubuta girman tukunyar da oza.

To lamba 8 ɗin nan tana nufin tukunyar an yi ta ne don ɗaukar oza 8 ta ɗanyar masara a tashi ɗaya, wato giram 227. Mu bi ƙa'idarmu, mu ƙara kashi ɗaya cikin biyar, ya ba mu kusan mililita 270. A kofi, kofi ɗaya ne da cokali 2. A gwangwanin madara, ɗaya da rabi ne da cokali ɗaya. Wadda injinta ke da lamba 4, giram 113 ne, rabin kofi da cokali ɗaya. Mai lamba 12, giram 340, gwangwani 2 da rabi. Mai lamba 16, giram 454, gwangwani 3 da kwata.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata a sani. Oza iri biyu ce a wurin Amurkawa, ta nauyi da ta ruwa. Jug ɗin awo na roba da ake sayarwa a shagon kayan kek, sau da yawa a gefe ɗaya an rubuta mililita, a ɗaya gefen an rubuta oza. Wannan ozar ta ruwa ce, cika take aunawa. In kika zuba masara ta kai layin 8 a jug ɗin, kofi ɗaya kawai kika zuba, giram 200, wato oza 7 a sikeli. Ba za ki ɓata inji ba, amma a kowane tashi kin rage kusan lita ɗaya ta gugguru, alhali wuta ko gas ɗin da kika ƙona bai ragu ba. In kina tashi 20 a rana, ki lissafa da kanki.

Wanda kuma injinsa na gida ne, ƙirar masu walda, babu lamba a jiki, shi ma da hanyarsa. Fara da gwangwani ɗaya. In ta fashe duka ba ta ƙone ba, ƙara rabi a tashi na gaba. Ranar da ka ga ƙwayoyin da suka ƙi fashewa sun fara yawa a ƙasa, ko murfi ya cushe, ka wuce iyaka, sai ka koma awon baya ka tsaya a nan.

Za mu ɗan shaƙata, in mun dawo sai mu shiga maganar auki, inda ribar take.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Madalla, barkanmu da dawowa. Ga wanda ya kama mu a tsakiya, muna magana ne a kan yadda mai sana'ar gugguru za ta mayar da awon sikeli zuwa awon gwangwani. Mun ce a ɗanyar masara, shida a kwano biyar ne a sikeli.

To da zarar masara ta fashe, wannan ƙa'ida ta mutu. Kofin da ya ɗauki giram 200 na ɗanya, in kika cika shi da gugguru, giram 8 kacal zai ɗauka in ba a soya da mai ba, giram 11 in da mai aka soya. Kofi ɗaya, masara ɗaya, amma nauyin ya faɗi har kusan ninki 25. Mene ne sirrin?

Kowace ƙwayar masarar gugguru 'yar tukunya ce mai murfi a garƙame. Ɓawonta ya fi na masarar tuwo tauri, kuma ba ya barin tururi ya fita da sauƙi. A ciki akwai sitaci, akwai kuma ɗan ruwa, kashi 13 zuwa 14 cikin 100 na nauyin ƙwayar. In ta ji wuta, ruwan nan ya so ya zama tururi ya tsere, ƙofa a rufe. Zafi ya yi ta hauhawa, sitacin ya narke ya yi laushi kamar talge. Sai zafin ya kai wajen digiri 180, a lokacin matsin da ke cikin 'yar ƙwayar nan ya ninka iskar tayar ƙaramar mota kusan sau huɗu. Nan ɓawon ke tsagewa. Tururi ya yi waje da ƙarfi, ya hura narkakken sitacin ya zama kumfa, kumfar ta sha iska ta daskare nan take. Wannan farin abin da muke ci, kumfar sitaci ce. Mai sayar da gugguru, in an bi ta gaskiya, mafi yawan abin da ke cikin ledarta iska ce, kuma halal ɗinta ce, domin ita mai saye ke so.

A sikeli kuwa masarar raguwa ma take yi, domin kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyinta ya tafi a tururi. Mai da sukari ne ke mayar da nauyin.

Nawa ne aukin? Masara mai kyau, giram ɗaya yakan ba da mililita 30 zuwa 40 na gugguru. Ke nan kilo ɗaya zai ba da lita 30 zuwa 40, wato babban bokitin fenti mai lita 20, ɗaya da rabi zuwa biyu. Tashi ɗaya na inji mai oza 8 zai ba da lita 7 zuwa 9. Manyan kamfanonin masarar gugguru a Amurka da wannan suke yanke wa masara daraja. Sukan auna giram 250, su soya a injin gwaji, su juye a wani dogon bututu mai layuka, su karanta inda ta tsaya. Wadda ta haura mililita 40 a giram ɗaya ita ce ta gaba-gaba, kuma irinta gidajen sinima ke nema, saboda su ma kamar Hajiyarmu suke: da nauyi suke saye, da cikar kwali suke sayarwa.

Wannan gwaji ba sai a Amurka ba, a tsakar gida ma ana yin sa. Ki auni giram 100 na masara. In babu sikeli, rabin kofin awo ne a shafe, ko ki roƙi mai shagon fulawa ya ɗora miki a nasa. Ki soya yadda kika saba. Sannan ki juye a ƙaramin bokiti mai lita 4, irin wanda ake awon garin kwaki da shi, wankakke tas. In kina shakkar girmansa, ledar ruwa 8 ce ke cika shi. Kada ki danna guggurun, kada ki jijjiga bokitin. In ta cika shi, aukin masararki 40 ne, kin dace. In ta tsaya a kashi uku cikin huɗu, 30 ne, ba laifi. In a rabi ta tsaya, 20 ke nan, akwai magana.

Daga nan amsar tambaya ta biyu ta fito. A ce ledar da kike ƙullawa rabin lita take ci. Giram 100 ya ba ki lita 3 da rabi, leda 7 ke nan. Kilo ɗaya zai ba ki leda 70. Yanzu a ce kin samu wata masarar mai rahusa, kika gwada ta ba ki lita 2 da rabi, leda 5. Kilo ɗaya leda 50. Bambancin leda 20 ne a kowane kilo. In a misali naira 100 kike sayar da leda, naira 2,000 ke nan ta salwanta a kilo ɗaya, kuma mai da sukari da gas ɗin da kika kashe duk ɗaya ne. Sai ki duba ko rangwamen da aka yi miki ya kai haka. Hausawa suka ce araha ba ta ado. Shawarata, kafin ki ɗauki buhu, sayi gwangwani ɗaya ki je ki gwada.

Uwar gida da ba sana'a take yi ba, ke ma lissafin zai yi miki rana. A ce walimar sauka za a yi, ana sa ran yara 100, kowa ƙullin rabin lita. Lita 50 ake bukata. Kilo ɗaya da rabi ya isa, wato gwangwani 11. In a tukunya za ki soya, ki tuna rabin kofi kaɗai yana bukatar tukunya mai cin lita 4 zuwa 5, kada ki ga ƙwayoyin sun kwanta a ƙasa kamar ba komai ki ƙara. Ki kuma hana ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara 4, domin gugguru na iya sarƙe su.

Saura tambaya ta uku: me ya sa auki ke canzawa? Ruwa ba ya tsami banza. Dalili na farko shi ne danshin ƙwayar, kuma a ƙasarmu shi ne babba. Da hunturu, iskar nan da ke tsage mana leɓe tana shanye ruwan masarar da aka bari a buɗe. Ƙwayar da ta bushe ƙayau ba ta da tururin da zai hura ta, sai ta fashe 'yar ƙarama ko ta ƙi fashewa sam. Maganinsa: samu kwalba ko roba mai murfi mai cin lita ɗaya, zuba masara ta kai kashi uku cikin huɗu, sa babban cokali ɗaya na ruwa, rufe, girgiza lokaci-lokaci har ruwan ya shige. Bar ta kwana 3 zuwa 4 a rufe, sannan ki gwada. Kada a zarce da ruwa. Da damina kuma akasin haka ne, masara kan sha danshi, ta fashe da wuri, ta fito a cure tana tauri a haƙori. Ga shi kuma mai sayen jiƙaƙƙiyar masara a sikeli, har da ruwa ya biya. Wadda ta yi fumfuna kuwa a zubar, gubar da ke cikinta wuta ba ta kashe ta. Rani da damina, masarar gugguru a mazubi mai murfi take son zama.

Dalili na biyu, irin masarar. Akwai wadda in ta fashe takan baje da fukafukai, ita ta fi auki, ta fi taushi, amma tana saurin karyewa. Akwai wadda takan fito a dunƙule kamar ƙwallo, aukinta bai kai na farko ba, amma ita ke jure juyawa in za a lulluɓe ta da narkakken sukari. Kowacce da aikinta, sai dai kada a yi lissafin wannan da awon waccan. Ƙwayar da ɓawonta ya tsage wurin sussuka, ko ƙwari suka huda, ita ma ba za ta fashe ba, domin tururin ya samu ƙofa.

Dalili na uku, wuta. In ta yi sanyi, tururi ya riƙa sulalewa a hankali har ƙwayar ta bushe ba ta fashe ba. In ta yi yawa, waje ya ƙone kafin ciki ya narke. Jefa ƙwaya 3 a cikin man, in sun fashe, sai a zuba sauran. A kuma bar 'yar kafa a murfi tururi ya riƙa fita, don kada guggurun ta yi sanyi.

Mu taɓo mai da sukari a gurguje. Awon da aka fi bi shi ne mai kashi ɗaya, masara kashi uku, da ma'auni ɗaya. Gwangwani ɗaya da rabi na masara, rabin gwangwani na mai. Man gyaɗa bai kai ruwa nauyi ba, lita ɗaya ba ta wuce giram 920. Sukari kuwa ya zo da sauƙi, domin nauyinsa a kofi kusan ɗaya yake da na ɗanyar masara, giram 200. In takardar girki ta ce masara giram 200, sukari giram 100, kofi ɗaya ne da rabin kofi.

Amma sukari na sauya lissafin sayarwa. Gugguru mai gishiri da aka soya da mai, lita ɗaya ba ta wuce giram 45 zuwa 50. Mai sukari ta fi haka nauyi nesa ba kusa ba, gwargwadon yadda aka lulluɓe ta. Saboda haka wadda sana'arta ta girma har ta fara kai kaya manyan kantuna, inda ake buga nauyi a jikin leda, a nan gwangwani ya gama aikinsa. In kin rubuta giram 50, sai sikeli ya shaida giram 50 ne. Ƙaramin sikelin madafi mai batir shi ne jarin da ya kamata ya biyo bayan inji.

Jama'a, karin maganarmu ta ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Gaskiya ne, tsohuwar ma'auniya in ta kalli tarin hatsi takan faɗi adadinsa ta kusa dacewa. Sai dai gugguru na yaudarar ido fiye da kowane hatsi, tunda abin da ya kwanta a tafin hannu shi ne zai cika bokiti. Kuma maganar awo a wurinmu ta wuce maganar riba. A Alƙur'ani mai girma akwai sura sukutum da aka sa wa sunan masu tauye mudu. Wadda ta san awonta, ba ta cuci kanta ba, ba ta kuma cuci yaron da ya miƙo mata kuɗin tararsa ba, domin ledar yau daidai take da ta jiya.

Ga lambobin nan kuma, a rubuta. Ɗanyar masara: shida a kwano, biyar a sikeli. Kofi giram 200, gwangwanin madara kusan giram 140, kilo ɗaya kofi 5 ko gwangwani 7. Oza ɗaya giram 28, inji mai oza 8 giram 227, gwangwani ɗaya da rabi da cokali ɗaya. Bayan suya: rabin kofi ya kusa cika bokiti mai lita 4, kilo ɗaya lita 30 zuwa 40.

Waɗannan lambobi jagora ne, naki awon shi ne alƙali. Aikin da zan ba ki a wannan makon guda ɗaya ne. Ware mazubi ɗaya, ki kai shi wurin mai sikeli da masararki, a auna miki abin da injinki ke ci a tashi ɗaya, ki zuba a ciki, ki ɗauki ƙusa ki ja layi daidai inda masarar ta tsaya. Wannan mazubi kada a sha ruwa da shi, kada a ba yara aro. Duk sabon buhu kuma, a yi masa gwajin bokiti kafin a fara ƙulli.

A nan za mu dasa aya. Mai tambaya ko ƙarin bayani, ƙofar wannan fili a buɗe take, musamman ku da kuka daɗe a sana'ar, muna son jin yadda kuke naku awon. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu duba tagwaicin gugguru, wato gyaɗa, mu ga abin da mudu ɗaya ke komawa bayan ɓara da suya. Kafin nan, Allah ya ba da kasuwa, ya sa masara ta yi auki. 

(Kiɗan rufe shiri)